Tallafin abinci ba ya kai mu ƙarshen wata, yaya za mu yi?

Uwargida daga Kusiri:
Assalamu alaikum. Muna karɓar tallafin kuɗi na sayen abinci, amma da yake gidanmu akwai yara da yawa, kuɗin sukan ƙare tun wata bai raba ba. Me ya kamata in fara saya domin abincin ya yi auki?

Malamin makaranta daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da dawa, ki rage shinkafa, domin tuwon dawa ya fi riƙe ciki kuma ya fi araha. Idan da hali, ki sayi masakwa, wato dawar rani, da yawa a watan Fabrairu lokacin girbinta, saboda farashin hatsi yakan hau sosai da damina, musamman a Yuli da Agusta. Wake da gyaɗa su ne naman talaka. Ki jiƙa waken tun dare domin ya rage cin itace, ki adana sauran cikin jarka mai murfi don kada ƙwari su shiga.

Wata uwa daga Njamena:
Yaya, kada ki raina miyar kuka da busasshiyar kuɓewa. Ɗan busasshen kifin kogin Logon da aka daka tare da daddawa ya isa tukunya guda, ba sai an sayi nama ba. Mu maƙwabta mukan haɗa kuɗi mu sayi buhu mu raba, domin sayen kwano-kwano ne ke cinye kuɗin.

Uwargida daga Kusiri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan yi wa maƙwabtana maganar buhun.