Motsa jiki a Garwa: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan abin da ke hana mutane motsa jiki a garin Garwa na Kamaru, tunda ta yi tsawo.

1. Kusan kowa ya yarda kuɗi ne kan gaba. Ɗakin motsa jiki sai mai albashi. Ɗan acaɓa ko mai turin kura kuwa, kafin magariba jikinsa ya mutu, wane gudu kuma?

2. Fili. An gyara filin Roumdé Adjia saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga a 2022, amma yaran unguwa har yau a kan rairayi suke taka leda, wasu ba takalmi. Filayen da suka saba ma ana ta yanka su fuloti.

3. A kan mata aka rabu. Wasu suka ce daka da ɗibar ruwa sun ishe su. Iyayenmu mata suka ce wannan wahala ce, su wurinsu na kansu suke so, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ni dai ina bayansu.

4. Kuɗin shiga fili: wasu na son a riƙa karɓar kaɗan don gyara, wasu suka ce ko dala aka sa, talaka ya fita. Ba a daidaita ba.