Don Allah ya zan shirya ɗiyata zuwa wurin likitan haƙori?

Assalamu alaikum iyaye mata da ma'aikatan lafiya, don Allah shawara nike nema. Ɗiyata shekararta 4, haƙorinta na tauna na ƙasa ya yi baƙin rami, in ta sha ruwan sanyi ko ta tauna alawa sai ta dafe kunci tana kuka, da dare ma barcin rabi da rabi ne. Kakarta ta ce a bar shi ai zai faɗi in ta yi famfara, amma wata nas maƙwabciyarmu ta ce na gaba ne ke fara faɗuwa wajen shekara 6, na tauna sai shekara 10 zuwa 12, kun ga ba zan iya zura ido tana wahala har lokacin ba.

Babanta ya yarda mu kai ta Gusau daga nan Ƙaura Namoda, to matsalar yarinyar nan tun allurar rigakafi ko farar riga ta hango sai ta ƙanƙame zanena tana rawar jiki, ga yayyenta sun ƙara tsorata ta wai da filaya za a fizge haƙorin. A gida in ina ƙirga mata haƙora da cokali tana buɗe baki lafiya lau, da na ambaci asibiti shikenan.

To in gaya mata gaskiya tun yanzu ko sai ranar? Ba ni son yi mata ƙarya wallahi. Ana barin uwa ta riƙe yaro bisa cinya lokacin dubawa? Kuma ranar farko dubawa kawai ake yi ko har da ciko, ta ci abinci kafin mu tafi? Wadda ta taɓa kai ƙaramin yaro ta taimaka min don Allah.