Muryar wani na kutsawa cikin makirufon wani: yaya ake magance ta?

Assalamu alaikum, masana harkar sauti. Ina neman shawara kan ɗaukar fodkas (shirin murya da ake sakawa a intanet) na mutum huɗu a teburi ɗaya.

Ɗakin mita 4 ne da mita 3, ƙasa tayil, bango siminti. Kowa na da makirufo Samson Q2U, an jona su a na'urar ɗaukar sauti Zoom PodTrak P4, kowace murya a layinta daban. Bakin kowa na nesa da makirufonsa santimita 10, tsakanin makirufo da makirufo kuma santimita 70, wato an cika ƙa'idar uku-bisa-ɗaya (tazarar makirufo da makirufo ta kai ninki uku na tazarar baki da makirufo) har da ƙari. Duk da haka mai babbar murya yana fitowa a layin mai sanyin murya, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 kacal ƙasa da muryar mai layin, domin dole a ɗaga wa na biyun ƙarfin shigar sauti. In aka haɗa layukan, jinkirin kusan milisakan 2 da ke tsakanin isar muryar makirufonsa da isarta ɗaya makirufon yana sa muryar ta zama kamar daga cikin tulu.

An gwada matattarar da ke rufe layi idan mutum ya yi shiru, an saita ta a desibel -38 cikin manhajar gyaran sauti ta Reaper. Tana yanke farkon kalma, dariya kuma sai ta riƙa tsinkewa.

Shin a juya zama ne, mai babbar murya ya fuskanci mai sanyin murya don ya faɗa bayan makirufon mai sanyin muryar? Ko bargo a teburi da labule mai kauri za su fi tasiri? In kuwa rage ƙarfin layi ya fi rufe shi gaba ɗaya, desibel nawa kuke ragewa?