Baka mai kunama don ajiyar ko-ta-kwana: wanne zan saya, yaya zan kula da shi?

Manomin_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ajiye baka mai kunama, wanda Turawa ke kira kurosbo, don farautar nama idan hali ya matse, tunda ba ya buƙatar harsashi. Na ga iri biyu: mai 'yan tayoyi a ƙarshen hannuwansa da wanda ba shi da su. Wanne ya fi dacewa da mutumin da ke nesa da masu gyara? Kuma me ke saurin lalacewa a jikinsa?

Sarkin_Baka:
Wa alaikumus salam. Malam, sayi mara tayoyin. Mai tayoyi ya fi gudu kuma ba shi da faɗi, amma tsirkiya ɗaya gare shi da igiyoyi biyu, kuma in ɗaya ta tsinke sai an sa shi a na'urar matsa hannuwa kafin a canja. Ina za ka samo wannan na'urar a ƙauye? Mara tayoyi, irin na kamfanin Excalibur na Kanada, tsirkiya ɗaya ce tak, kuma da 'yar igiyar ɗaura tsirkiya da kamfanin ke sayarwa za ka canja ta a gindin bishiya.

Nauyin ja daga laba 150 zuwa 200, wato wajen kilo 68 zuwa 90, ya ishi gada da barewa. Kar ka ɗana da hannu zalla. Ka zura ƙafa a likkafar da ke gaba, ka yi amfani da igiyar ɗanawa mai ƙugiya biyu, tana rage nauyin da rabi. Amfaninta ma ya wuce sauƙi: tana jan tsirkiya daidai ta ɓangarorin biyu. Mai ja da hannu, hannunsa mai ƙarfi kan rinjayi ɗayan, sai kibiya ta riƙa kaucewa gefe ya zauna yana zargin madubin saiti. Sa alama da biro a kan tsirkiya, dama da hagu na doron da kibiya ke kwanciya. Bayan ka ɗana, in tazarar alamomin ba ɗaya ba ce, ɗanawarka ta karkace.

Ranar saye ka haɗa da tsirkiya biyu na ajiya, kibau dozin biyu, da kaki.

Dan_Makera:
Ƙari kan maganar Sarkin Baka. Abin da ya fi kashe wannan baka shi ne harbin wofi, wato ja kunama babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya sai ya koma cikin hannuwan, su tsage ko tsirkiya ta tsinke. Kibiya mara nauyi ma kusan haka take yi. Yawanci kibiyar inci 20 ce, nauyinta da tsininta wajen giram 26, amma duba takardar kamfani kar ka sauka ƙasa da abin da suka rubuta. Gindin kibiya ma iri-iri ne, akwai shafaffe, akwai mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. In ka sa wanda ba na bakanka ba, ko ba ka tura kibiya ta taɓa tsirkiya ba, tsirkiya na iya tsallake ta, ka ga harbin wofi ke nan ba ka sani ba.

Kaki: shafa a tsirkiya da zarar ta fara gashi-gashi, ka murza da yatsu har ya ɗumama ya shige. Ban da naɗin zaren da ke tsakiya, don kakin wurin yakan taru cikin gidan kunama ya daskare. Doron kuwa mansa daban, ɗigo biyu bayan kamar harbi hamsin. Kar a sa basilin ko man inji. Lokacin hunturu ka goge doron da tsumma kafin ka ƙara mai, domin ƙura da mai in sun haɗu sai su ci naɗin kamar an goga masa yashi. A bazara kuma kar ka bar shi a mota ko ƙarƙashin rufin kwano, zafi na miƙar da tsirkiya. Kar ya kwana a ɗane: in ka dawo ba ka harba ba, sauke shi ta hanyar harba tsohuwar kibiya cikin buhun atisaye.

Mai_Kyauro:
Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Ana maganar ranar da kasuwa ta gagara ne. Kibiyar kabon, wato ta kamfani da ake harbawa da wannan baka, in ta ƙare fa? Bakanmu na gargajiya, kyauro yana daji, maƙeri yana gari. Kyauro kuwa ba zai ɗauki bugun laba 175 ba, tarwatsewa zai yi a gaban fuskar mutum.

Sarkin_Baka:
Gaskiyarka, shi ya sa na ce dozin biyu. Sai dai bakan gargajiya shekaru ake yi kafin hannu ya faɗa, wannan kuwa cikin makonni mutum zai fara samun abin da ya auna.

Malam Manomi, ga atisaye. Cika buhu da tsummoki ka danna sosai, ka jingina shi da tudun ƙasa, ba katangar gida ba. Fara saiti a mita 10, sannan 20, 30, 40. Kibiya uku-uku, kuma kowace da wurin da za ka auna, in ba haka ba za su fasa juna. Rubuta lamba a kowace. Wadda ta riƙa fita daban, ware ta. Kafin harbi lanƙwasa kibiyar kabon kaɗan kusa da kunne, in ka ji ƙas-ƙas ta tsage, jefar. Tsinin farauta mai wuƙaƙe ba lallai ya faɗa inda na atisaye ke faɗawa ba, sai ka gwada shi daban, a kan soso mai tauri, don buhu yanka shi zai yi.

Kan dabba kar ka wuce mita 35. Kibiya na tafiyar wajen mita 100 a daƙiƙa, sauti kuwa fiye da mita 340, don haka gada na jin sakin tsirkiya ta duƙa kafin kibiya ta iso. Babban yatsa da sauran 'yan'uwansa su zauna ƙasa da doro, tsirkiya na cire yatsa.

Dan_Makera:
Kafin ka yi oda, tambayi kwastan da 'yan sanda kan shigo da shi da ajiye shi, ka kuma nemi takardar farauta a ma'aikatar gandun daji ta jiharku. Wurare irin su Yankari ba a farauta a cikinsu ko da wane makami. Sukurorin da ke riƙe hannuwa da madubi kuma a duba su duk bayan atisaye, girgiza na kwance su.