Wane Gilashi Zan Sa Wa Ƙofar Baranda?

Jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Gidana yana Ƙofar Ƙaura a Katsina, ƙofar falo mai fita baranda tana kallon yamma. Da la'asar rana ke dukanta, a watan Afrilu falon kamar tanda, fanka sai iska mai zafi. Mai aluminiyam ya ce in sa gilashi mai duhu, kaurin milimita 5. Ni tsorona yara, autana da goshi yake tura ƙofa in ya sheƙo.

Na ji akwai wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa, da mai leda a tsakani irin na gaban mota. Wanne ya fi tare zafi? Mai ruɓi biyu fa, ƙurar hunturu ba ta shiga tsakaninsa? Ko sai na je Kano?