QStateMachine yana tsayawa a hanya: in ci gaba da tono ko in koma enum da switch?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da manhaja a Qt 5.15 (tarin kayan gina manhaja) da C++ wadda ke magana da wata na'ura, ina amfani da QStateMachine, wato injin da ke sauya manhajar daga wani yanayi zuwa wani. Yanayi uku ne: jira, haɗawa, aiki. Da an danna maɓalli injin yana tashi daga jira zuwa haɗawa lafiya lau. Amma siginar connected, wadda ke nuna na'urar ta haɗu, wani lokaci ta kai shi aiki, wani lokaci ya tsaya cak. Na sa setInitialState, na kira start, Q_OBJECT ma yana nan. Mako mai zuwa zan miƙa aikin. In ci gaba da nema, ko in cire injin in rubuta sauyin yanayin da hannu da enum da switch na C++?

Abba K: Wa alaikumus salam. Ka sa Q_OBJECT kuwa? Yawanci shi ne.

Sadiq: Yana nan, Abba, na faɗa a sama.

Injiniya Bala: Ƙanena, cire shi tun da sauran ƙarfinka. Ni na gaji wani aiki a kamfanin da na bari, wanda ya rubuta ya shirya yanayi cikin yanayi cikin yanayi, ya tafi bai bar ko zane ba. Allo ya daskare, ba saƙon kuskure, ba komai. Ashe ya ƙirƙiri injin a cikin constructor ba tare da new ba, constructor ɗin na ƙarewa injin ya mutu. Ta ɗaya gefen kuma ya sake rubuta eventTest bai kira na QSignalTransition ba, sai sauyi ya riƙa tashi kan abin da ba nasa ba. Oga kullum yana kaina, wai ni na ɓata. Har albashi aka riƙe mini.

Maryam D: Allah ya saka maka, Injiniya, amma wannan laifin mai rubutu ne, ba na injin ba. Sadiq, a ina kake fara haɗawar? Idan ka ɗaura clicked, siginar danna maɓalli, a kan slot ɗin da ke kiran na'ura, sannan ita dai clicked ɗin ce ke sauya yanayi, to akwai tsere. Injin ba ya sauraron connected sai yana cikin yanayin haɗawa. In na'urar ta amsa nan take alhali yana jira, siginar ta wuce ke nan, ba ya ajiye ta. Ka mayar da kiran na'urar kan siginar entered, wadda ke tashi da an shiga yanayin haɗawa. Kafin nan ka ba kowane yanayi suna da setObjectName, ka sa qDebug a entered da exited da triggered, ka ga wa ya riga wa.

Abba K: Ko dai start ɗin ne? Ba ya tashi nan take sai an shiga exec.

Maryam D: Gaskiya ne, amma da shi ne da sauyin farko ma bai yi ba.

Injiniya Bala: Hajiya, shekara nawa kika yi a C++? Mu tun Qt 4.6 da aka shigo da injin nan a 2009 muke fama da shi.

Maryam D: Ba shekaru ya tambaya ba, Yaya.

Dan Terminal: Injin Sadiq kamar jakin da ya ga gada, ba gaba ba baya 😂 Ka kashe kwamfutar ka kunna.

Usman: Ka gwada GammaRay na kamfanin KDAB, yana nuna maka yanayin da injin yake ciki manhajar tana gudana. Sai dai na ji sai da lasisin kuɗi.

Maryam D: Kyauta ne, buɗaɗɗe ne. Wahalarsa kawai sai ya dace da sigar Qt ɗinka.

Usman: To Qt ɗin kansa fa? Mu an ce mana dole mu biya.

Abba K: Akwai lasisin LGPL na kyauta, akwai na kasuwanci, ya danganta da yadda kuka haɗa.

Sadiq: Anti Maryam, lallai a kan clicked na ɗaura. Na mayar entered, ya ragu sosai, amma ɗazu ya sake tsayawa sau ɗaya. Na'urar tana wani thread daban, wato layin gudanarwa daban da na injin, ko da alaƙa?

Injiniya Bala: Ka gani ko? Kuma jira ka koma Qt 6, an fitar da injin daga QtCore, sai ka ƙara StateMachine a CMake da hannunka. Amma ni abin da ke ci mini rai masu barin aiki ba takarda. Mutum ya rubuta yanayi ashirin ya sa musu s1, s2, s3, ya kama gabansa.

Dan Terminal: Injiniya, kai da ka bar kamfanin ka bar musu zane? 😂

Usman: Wa ke ba ka lokacin zane? Mai aiki yau ya ce maɓalli biyu, gobe ya ce a ƙara na dakatarwa, kuma ranar miƙawa ba ta motsi.

Sadiq: Jama'a, maganar thread ɗin fa?