Me ya sa jitata ba ta haɗuwa da sautin Hendrix a fim ɗin Woodstock?

Ɗan_Koyo: Salamu alaikum. Masana, ina bin kiɗan Jimi Hendrix, makaɗin jita ɗan Amurka, na bikin kiɗan Woodstock a bidiyo, yatsuna suna kan gaɓoɓin da nasa suke, amma muryar jitar ba ta haɗuwa. Tuna, wato na'urar auna saitin tsirkiya, ta ce saitina daidai ne. Laifin na jitar ne ko na bidiyon?

Mai_Tsirkiya: Wa alaikumus salam. Fara da saitin. A wasan nan na safiyar Litinin, 18 ga Agusta 1969, Hendrix ya sassauta kowace tsirkiya da rabin mataki, wato Eb, Ab, Db, Gb, Bb, Eb, maimakon E, A, D, G, B, E. Yatsa zai sauka a gaɓa ɗaya, amma sautinsa ya fi naka kauri. Sassauta duka shidan, sannan ka sake zagayawa sau biyu ko uku. Dalili kuwa, jakin Stratocaster, irin jitar da ya kaɗa, sifirin ne ke riƙe da shi ta baya. Kana sassauta ɗaya, sauran su ɗan ƙara ɗaurewa.

Kada kuma kallon hannunsa ya ruɗe ka. Bahago ne, ya ɗauki farar jitar 'yan dama ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin ta yadda mai kaurin take sama kamar ta kowa. Ka kalle shi kamar kana duba madubi. Sau da yawa da babban yatsa yake danne tsirkiyar sama ta bayan wuyan jitar, kyamara kuma ba ta cika kama wannan ba.

Injiniyan_Sauti: Malam Mai_Tsirkiya ya faɗi gaskiya, sai dai in ka sauka Eb ka ji har yanzu kana ƙasa da shi, to bidiyon ne. An ɗauki fim ɗin Woodstock na darakta Michael Wadleigh da kyamarorin milimita 16, hoto 24 a daƙiƙa. Tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya da akasarin ƙasashen Turai suka yi amfani da shi, hoto 25 yake nunawa. Hanyar da aka saba bi ita ce a ƙara wa fim ɗin gudu da kashi 4 cikin ɗari, in ba a gyara sautin ba ya ɗaga da wajen kashi bakwai cikin goma na rabin mataki. Sautin A mai girgiza 440 a daƙiƙa sai ya koma wajen 458. To lissafa: ya sauka rabin mataki, bidiyo ya mayar da mafi yawansa. Abin da ke fitowa ba E ba ne, ba Eb ba ne, yana tsakani. Shi ya sa kunne ke cewa "saura kaɗan" amma ya ƙi zama.

Gane shi ba wuya. Abin da ya kamata ya ci awa ɗaya zai ƙare a minti 57 da daƙiƙa 36. Gyaran: cire sautin ka buɗe a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka rage gudun zuwa 0.96 da umarnin da ke sauya gudu da murya tare. Rage gudu a YouTube ba zai yi ba, domin yana riƙe muryar a inda take.

Wani abu kuma, gwangwanin fim mai ƙafa 400 minti 11 kawai yake ɗauka, wasan kuwa ya kai wajen awa biyu. Dole a yi ta sauya fim, masu tacewa su cike giɓi da hoton jama'a ko na wata kusurwa. Sautin daban aka naɗe shi, injiniyan sauti Eddie Kramer ne ya yi aikin a faifai mai layi takwas. Inda ido da kunne suka saɓa, bi kunne.

Ɗan_Koyo: Madalla, bidiyon ne. Yanzu ya haɗu. Amma nawa sautin a bushe yake, babu wannan kumburin.

Mai_Tsirkiya: Wannan kuma maganar kayan aiki ce. Jerinsa a ranar: jita, sai na'urorin sauya sauti uku, wato wah ta Vox, Fuzz Face mai sa sauti ruri, da Uni-Vibe, sannan amfilifayar Marshall mai wat 100. Wannan lilon da kake ji kamar sauti yana iyo cikin ruwa, Uni-Vibe ce. A cikinta ƙaramin ƙwan fitila ne ke haske yana dushewa a tsakiyar na'urori huɗu masu jin haske.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen Fuzz Face. Tiranzisto biyu ne kacal a cikinta, kuma tana son jin jitar kai tsaye. Ka sa tuna mai ƙara wa sigina ƙarfi a gabanta, sautin zai yi kaifi kamar ana yaga kwano. Buɗe ta kusan ƙarshe, ka riƙa sarrafa ta da maɓallin ƙarar jitar: 10 don ruri, 6 ko 7 don sauti mai tsabta. In tiranzistocinta na jamaniyam ne, zafi na sauya halinsu, kada ka bar ta a rana ko a kan amfilifaya.

Injiniyan_Sauti: Kukan nan mai tsawo na cikin taken Amurka da ya kaɗa, ƙarar lasifika ce ke girgiza tsirkiya. Ta iyafon ba zai taɓa fitowa ba. Fuskanci lasifikar, ka danne sauran tsirkiyoyin da gefen tafin hannu, ka riƙa matsawa taku-taku har ka sami inda guda ɗayan za ta kama. In tsuwa mai huda kunne ka ji ko da ka danne duka shidan, siririyar wayar da ke naɗe cikin maganaɗisun ɗaukar sautin ce ke rawa, sai mai gyara ya tsoma shi cikin narkakken kakin zuma.